Sharhi: Intanet na ƙara shiga Wurno da Rabah da Goronyo, amma wa zai saita na'urar da ke raba shi?

A yammacin Litinin 4 ga watan Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a faɗin duniya na kusan awa shida. Ba kutse aka yi wa kamfanin ba. Bayanin da ya fitar daga baya ya nuna cewa wani umarni da injiniyoyinsa suka bai wa na'urorin da ke haɗa manyan rumbunan bayanansa, a lokacin wani gyara na yau da kullum, shi ne ya yanke hanyoyin baki ɗaya.

A Goronyo da Rabah kusan babu wanda ya san ana wannan hayaniya, domin a lokacin sun yi mako biyu babu sabis. A watan Satumban shekarar ne gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. An ɗauki matakin ne bayan Zamfara da Katsina sun yi irinsa, da nufin toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu bayanai hanyar magana da juna.

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, ana cikin wannan hali, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo. Gwamnatin jihar ta ce mutum 43 aka kashe. Wanda ke da ɗan'uwa a kasuwar ba shi da hanyar kiransa, haka ma wanda ke cikin kasuwar ba shi da hanyar neman agaji ta waya.

Darasin da jama'ar gabashin Sakkwato suka ɗauka daga wannan lokaci shi ne, kada rayuwarka ta rataya a kan hanyar sadarwa guda ɗaya. Shi ya sa duk wata sabuwar hanya da ta ɓullo ake rububinta. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba: idan intanet ya iso shago ko asibiti ko makaranta, sai ya bi ta cikin wata 'yar ƙaramar na'ura mai ƙyaftawar fitilu da ake kira rauta. Yadda aka saita ta shi ke yanke hukuncin ko kuɗin da aka kashe zai yi amfani ko zai tafi a banza.

Me ya sauya tun 2021?

Abu na farko shi ne buƙata ta ƙaru. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya koya wa manomin albasa da tafarnuwa na Wurno da mai sayen shinkafa a Goronyo karɓar kuɗi ta tiransifa. Mai POS ya zama bankin gari. Cinikin da a da ake ƙare shi da ƙirga kuɗi a kan tabarma, yanzu sai an jira alat ya shigo kafin a ɗora buhu a mota.

Na biyu, hanyoyin sun ƙaru. A watan Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki a cikinta. Shi ba ya buƙatar turken sadarwa a kusa, kai-tsaye yake magana da taurarin ɗan'adam. Amma ba abin talaka ba ne. A ƙarshen 2024 farashin kayansa ya kai naira 590,000, kuma a 2025 kuɗin wata na masu amfani da shi a gida ya tashi daga naira 38,000 zuwa 57,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Wannan lissafi ya nuna cewa a ƙauye da ƙaramin gari, da wuya mutum ɗaya ya riƙe layi shi kaɗai. Dole a yi karo-karo, ko mutum ɗaya ya saya ya raba wa wasu. Rabon nan kuwa aikin rauta ne.

Na uku, gwamnati ma ta yi alƙawura. Ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ta sanar da shirin shimfiɗa wayar fiba mai tsawon kilomita 90,000, da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, da na kafa turaku 7,000 a yankunan karkara. Ko da rabin waɗannan ne suka tabbata, ƙarshen kowace waya zai faɗa ne a kan rauta a wani ofis ko asibiti, kuma sai an sami mai saita ta.

Me ake saitawa a cikin rauta?

Mutumin Goronyo ba ya buƙatar dogon bayani, domin yana da misalin a bayan gida. Madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 a kan kogin Rima an gina ta ne don ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Amma duk yawan ruwan nan ba ya amfanar manomi sai an bi da shi ta babbar magudana, daga nan zuwa ƙananan magudanai, kowace da ƙofarta. Idan na farkon layi ya buɗe tasa ƙofar gaba ɗaya, na ƙarshe sai dai ya kalli busasshiyar gona.

Haka rauta take. A bayanta akwai mashigai da ake jona waya. Ɗaya daga ciki ita ce ta shigowar intanet, ko daga farantin Starlink, ko daga fiba, ko daga layin waya na 4G. Sauran na fita ne zuwa kwamfutoci da na'urorin Wi-Fi. Aikin farko na mai saiti shi ne ya gaya wa na'urar wace mashiga ce ta shigowa, wacce ce ta fita, sannan wane adireshi za a bai wa kowace waya ko kwamfuta da ta hau layin.

Yawancin na'urorin da ake saya a kasuwa suna zuwa da saitin kamfani, wanda ke zuba kowa a magudana ɗaya. A gidan mutum biyar wannan ba matsala ba ce. A wurin jama'a kuwa matsala ce babba.

Mu ɗauki misalin cibiyar lafiya a matakin farko da ke da layi ɗaya. Akwai kwamfutar da ake shigar da bayanan marasa lafiya da na rigakafi. Akwai na'urar POS ta wajen biyan kuɗi. Akwai wayoyin ma'aikata. Ga kuma 'yan jinya da samarin unguwa da kalmar sirrin Wi-Fi ta bi hannu zuwa hannu ta isa gare su.

Idan duk suna magudana ɗaya, abu biyu za su faru. Mutum goma masu kallon bidiyo za su shanye ƙarfin layin, har saƙon POS da bai fi 'yan kilobayit ba ya rasa hanyar wucewa. Sannan wayar baƙo tana iya ganin kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, domin a wurin rauta duk 'yan gida ɗaya ne.

Maganin wannan shi ne abin da masana ke kira VLAN, wato a raba na'ura ɗaya gida-gida ta hanyar saiti, ba tare da an sayi wata ba. Ƙa'idar da ake bi wajen yin haka, mai suna 802.1Q, ta fito tun 1998. Kowane ƙunshin bayani da ya fito daga wata kwamfuta ana liƙa masa lamba, daga 1 zuwa 4,094, lambar ce ke nuna gidan da ya fito. Waya guda tana iya ɗaukar gidaje da yawa, rauta kuma ta buɗe wa kowane gida mashigarsa ta cikin manhaja, wadda ido ba ya gani.

A misalinmu, sai a bai wa kwamfutar bayanai lamba 10, POS lamba 20, ma'aikata 30, baƙi 40. Daga nan a kafa dokoki: gida na 40 ba ya leƙa na 10 da na 20, kuma duk lokacin da layi ya yi cunkoso, POS da kwamfutar bayanai ne a gaba. A ƙayyade wa kowace wayar baƙo iyakar gudun da za ta samu.

Ga wanda ya iya, aikin bai fi na yini guda ba, kuma akwai na'urori masu sauƙin kuɗi da ke yin sa, irin na kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya da masu sayar da Wi-Fi suka fi sani. Abin da ake rasawa shi ne wanda ya iya.

Na taɓa zama a wani shagon buga takardu da POS a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Goronyo a ranar kasuwa. Layin mutane ya kai bakin titi, na'urar POS tana ta juyawa ba ta kammala ciniki. Mai shagon yana ta ɗora laifi a kan sabis. Amma a bencin da ke gefen shagon, yara sun fi goma suna kallon bidiyo a kan Wi-Fi ɗinsa ba tare da ko tsayawa ba. Sabis yana nan, rabonsa ne ba a yi ba.

Layi biyu a turke ɗaya ba layi biyu ba ne

Abu na biyu da ake saitawa shi ne hanyar ko-ta-kwana. Rauta mai kyau tana karɓar mashigar intanet biyu. Tana riƙa gwada ta farko lokaci-lokaci, da zarar ta ga babu amsa sai ta koma ta biyu da kanta, idan ta farkon ta dawo kuma ta koma mata.

A nan ma akwai tarko. Mutane da yawa suna ganin idan suka sa layin kamfani biyu sun tsira. Amma a Najeriya akasarin turakun sadarwa ba mallakar kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin turaku ne irin su IHS da American Tower, waɗanda ke ba da haya. Saboda haka yana yiwuwa kamfani biyu su rataya kayansu a turke ɗaya, su dogara da janareta ɗaya. Ranar da dizal ya ƙare, ko hanya ta gagara ga masu kai shi saboda rashin tsaro, ko aka sace batura, duka layukan za su ɗauke tare. Idan kuma umarni ne daga hukuma kamar na 2021, babu layin waya da zai tsira.

Ko a matakin ƙasa an ga haka. Ranar 14 ga Maris na 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya jefa bankuna da kamfanonin sadarwa na Najeriya cikin matsala ta kwanaki. Wayoyin na kamfanoni daban-daban ne, amma kusan hanya ɗaya suka bi.

Don haka hanyar ko-ta-kwana ta gaskiya ita ce wadda ba ta haɗa komai da ta farko ba: tauraron ɗan'adam da layin waya, ko fiba da tauraron ɗan'adam. Kuma dole a gwada. A zare wayar farko da gangan a ga ko na'urar za ta koma ta biyu. Saitin da ba a gwada ba, ranar buƙata ake gane ba ya aiki.

Ƙofofin da ba a gani

Bayan mashigan da ake jona waya, akwai wasu ƙofofi na lamba da kowace na'ura mai hawa intanet take da su, daga 0 zuwa 65,535. Kowane aiki da ƙofarsa. Shafukan intanet masu tsaro suna bi ta 443. Masu gyara daga nesa suna shiga ta 22. Manhajar sarrafa MikroTik tana amfani da 8291.

Matsalar ita ce, mai saiti yakan buɗe irin wannan ƙofa don ya riƙa gyara daga Sakkwato ba sai ya zo Rabah ba, sannan ya bar ta a buɗe ga duk duniya, wani lokaci da sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya sa, waɗanda ke rubuce a jikin na'urar kuma kowa na iya samu a intanet.

Kada wani ya ce wa zai damu da rautar ƙauye. Masu kutse ba sa zaɓen gari. Manhajoji suke saki da ke ƙwanƙwasa ƙofar kowane adireshi dare da rana. A 2018 masu bincike na kamfanin Cisco suka gano wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter da ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, mafi yawansu irin ƙananan rautocin gida da na shago. Wanda ya ƙwace rauta yana iya karkatar da mai neman shafin banki zuwa shafin bogi, ko ya yi amfani da layin wajen kai wa wasu hari.

Akwai kuma batun kyamarar tsaro, wadda 'yan kasuwa da masu rumbunan ajiya suka fara sakawa. Tsohuwar hanyar kallon kyamara daga nesa ita ce a buɗe mata ƙofa a rauta. Amma a layin Starlink na gida da yawancin layukan waya, mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi ɗaya, don haka wannan dabara ba ta aiki. Wanda bai san haka ba zai yi ta sauya kyamara da waya yana asarar kuɗi, alhali hanyar haɗawar ce take buƙatar sauyi.

Kuskuren saiti ba na ƙauye kaɗai ba ne

Manyan ma suna faɗawa. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa bayanan masu amfani da Google a sassan duniya suka karkata ta China da Rasha na tsawon minti 74. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne da aka yi yayin inganta na'urori.

Wanda ya fi taɓa iyalai shi ne na jarrabawar JAMB ta 2025. A watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997, har aka sake musu jarrabawar. Ba a rauta matsalar ta faru ba, a manyan kwamfutocin da ba a sabunta musu manhaja ba ne. Amma asalin ciwon ɗaya ne: kayan aiki na nan lafiya, saitinsu ne aka yi wa sakaci.

Wannan ya shafi gabashin Sakkwato kai-tsaye. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ɗakin jarrabawa mai kwamfuta ɗari biyu da hamsin ba tarin kwamfutoci ba ne kawai, hanyar sadarwa ce ta cikin gida da dole a raba ta da ta ofis da ta baƙi.

Idan babu masu iya wannan aiki a Wurno da Rabah da Goronyo, sakamakon a bayyane yake: ko dai a ci gaba da kwasar yara zuwa birnin Sakkwato a kan hanyoyin da iyaye ke fargaba, ko a buɗe cibiyoyin da za su tsaya cak a tsakiyar jarrabawa. Waɗanda za su fi cutuwa su ne 'yan mata, domin su ne aka fi hanawa tafiya mai nisa da kwana a wani gari.

Wa ke kan layin?

Ba za a yi maganar sadarwa a wannan yanki a tsallake tsaro ba. Rabah ta ga abin da ya faru a Tabanni a watan Yulin 2018, lokacin da aka kashe gomman mutane, dubbai kuma suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Har yau ƙauyuka da dama a gabashin jihar suna kwana da ido ɗaya.

Gwamnati ta kwashe shekaru, tun daga Disamban 2020, tana tilasta haɗa layin waya da lambar NIN domin a san mai kowane layi. Amma Wi-Fi na jama'a ba ya tambayar NIN. Mutum hamsin za su hau rauta ɗaya, a waje kuma a gan su a matsayin mutum ɗaya, wato mai layin. Idan wani ya yi amfani da shi wajen aika saƙon neman kuɗin fansa ko kai rahoton motsin jami'an tsaro, ƙofar mai shagon za a fara ƙwanƙwasawa.

Masu bincike kan tsaron Sahel sun riga sun ba da rahoton cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suna amfani da Starlink a dazuka. Ma'ana, katse layukan waya irin na 2021 a yau zai fi cutar da mai POS da ungozoma da ɗalibi fiye da ɗan bindigar da ke da kuɗin sayen faranti. Ko a wancan lokacin an yi ta samun rahoton cewa a yankunan kan iyaka ana hawa layukan Jamhuriyar Nijar.

Saiti na iya rage wannan haɗari. Tsarin tikiti, inda kowane mai saye ke samun lambarsa ta awa ɗaya ko ta yini, ya fi kalmar sirri guda da gari duka ya sani. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma ta wajabta wa shagunan intanet ajiye rajistar masu amfani da su.

Sai dai a nan ma a yi hattara. Littafi mai ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutanen gari, a shagon da ba shi da tsaro, yana iya zama makami idan ya faɗa hannun miyagu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin kare su. Abin da ya dace shi ne a karɓi kaɗan gwargwadon buƙata, a adana shi da kyau.

Masu sayarwa kuma su sani cewa sharuɗɗan Starlink na layin gida ba su yarda a sayar wa wasu ba, sannan dokar sadarwa ta 2003 ta ce sayar da hidimar sadarwa sai da lasisin hukumar NCC. Maimakon a bar matasan da ke wannan sana'a a ɓoye, ya fi amfani hukumar ta sauƙaƙa musu hanyar yin rajista, domin su ne ke kai sabis inda manyan kamfanoni ba su ga riba ba.

Zafi da ƙura da wuta

Akwai abokan gaba uku da ba sa buƙatar kalmar sirri. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, a cikin shagon kwano kuwa ya fi haka. Rautar da aka ɗora a kan akwati kusa da rufi za ta riƙa mutuwa tana tashi da tsakar rana, mai ita yana zargin sabis. Ƙurar hunturu tana toshe mashigan da ba a jona komai ba. Tsawar damina kuma tana bin doguwar wayar da aka ja daga gini zuwa gini ta ƙona na'urar.

Batun wuta ma lissafi ne. Rauta ba ta cin wuta sosai, amma babban farantin Starlink yana cin abin da ya kai wat 50 zuwa 100. Wanda ya sayi faranti bai tanadi sola da baturin da zai riƙe shi har dare ba, ya sayi intanet na rana kawai.

Wa zai yi aikin?

Abin da aka saba gani a ayyukan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji shi ne, ɗan kwangila ya zo daga birni, ya kafa kaya, a ɗauki hoto, ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa. Bayan wata uku wani abu ya tsaya, wani ya danna maɓallin mayar da na'ura saitin kamfani, duk aikin da aka yi ya goge. Daga nan kayan miliyoyin naira su zama abin ɗora takardu.

Hana wannan ba ya buƙatar sabon kasafi mai yawa. Duk kwangilar kafa intanet a ofis ko asibiti ko makaranta ya kamata ta ƙunshi abu huɗu kafin a biya kuɗin ƙarshe: a miƙa kalmomin sirri ga shugaban wurin a rubuce, a ba da zanen da ke nuna wace waya ta shiga wace mashiga, a ajiye kwafin saitin a filas domin a iya mayar da shi cikin minti kaɗan, sannan a koya wa aƙalla mutum biyu 'yan garin yadda ake kula da shi.

Mutanen da za a koya wa suna nan. Kowace kasuwa daga Achida zuwa Gandi tana da matasa masu gyaran waya da masu haɗa sola, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da irin wannan aiki. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya yana horar da matasa a fannonin fasaha. Abin da ya rage shi ne a ɗauki haɗa hanyoyin sadarwa a matsayin sana'ar hannu kamar wayarin da gyaran famfo, a kai horon hedikwatar ƙaramar hukuma maimakon a tsaya a birni. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisar mazaɓun Wurno/Rabah da Goronyo/Gada suna iya fara wannan da kaɗan daga abin da ake kashewa wajen rabon babura da kekunan ɗinki.

Kafin nan, mai shago zai iya yin abu uku yau ɗin nan: ya sauya kalmar sirrin shiga saitin rauta, wadda ta bambanta da ta Wi-Fi, ya kunna layin baƙi da yawancin na'urori ke zuwa da shi, ya bar POS da kwamfutarsa a nasu, sannan ya sabunta manhajar na'urar. Mai hawa Wi-Fi na jama'a kuma ya bar harkar banki sai a kan datarsa, kada kuma ya shigar da lambar sirrin katinsa a wani shafi da ya buɗe da kansa.

Wurno gari ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi domin tsaron iyakar daula, a nan ya rasu a 1837. Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya dage kan cewa Arewa ta horar da 'ya'yanta su riƙe ayyukanta. Garuruwan da ke da wannan tarihi bai kamata su riƙa jiran wani ya zo daga Sakkwato ko Kano ba duk ranar da fitilar rauta ta koma ja. Farantai da turaku da fiba za su ci gaba da zuwa. Tambayar da ya kamata jama'a su riƙa yi wa duk wanda ya kawo su ita ce: idan ka tafi, wa ka koya wa?